Tiyon Da Na Kai Njamena

Tun da na dawo daga Chadi ban huta ba. A majalisarmu ta bakin masallaci, a teburin mai shayi, har a wurin aiki, tambayar ɗaya ce: Haladu, yaya ƙasar take? Wasu so suke su ji ko da gaske ana gasa naman raƙumi a can kamar yadda muke gasa tsire. Wasu kuwa, na sani, abin da ya kai ni suke son ji, don sun ji ƙishin-ƙishin. Na gaji da ba da labarin gutsi-gutsi, ina zaɓen inda ya fi yi mini daɗi. Shi ya sa na zauna in rubuta shi gaba ɗaya. Karatuna bai yi nisa ba, sai a yi haƙuri da rubutun.

Ba buɗe ido na je ba. Laifi ne ya kai ni.

Ni makanikin jirgin sama ne a wani ƙaramin kamfani a Kaduna. Da shara na fara a hanga, wato babbar rumfar da ake shigar da jirgi a gyara shi. Daga nan na koma miƙa sifana, sai bayan shekara goma sha ɗaya aka ba ni hatimi. Ɗan abu ne bai fi babban yatsa ba, da lambata a jiki. Kowane aiki a jikin jirgi yana da katinsa. In ka gama sai ka buga hatiminka, ma'ana kai ka yi, kuma ka tsaya a kai. Da hatimin nan nake ciyar da gidana. In aka karɓe shi, na koma tsintsiya.

Sai dai muna da wata muguwar al'ada. Ofis ba sa son kati mai datti, mu kuwa hannunmu kullum cikin baƙin mai yake. To sai muka saba buga hatimi tun da safe, hannu na da tsabta, sannan mu yi aikin. Kowa ya san ba daidai ba ne, kowa kuma yana yi.

Wata Alhamis aka ba ni katin sauya tiyon mai na wani ƙaramin jirgi mai inji ɗaya, wanda za a ba wata ƙungiya haya tana kai ma'aikatan lafiya ƙauyukan Chadi. Wa'adin tsohon tiyon ya cika. Na karɓo sabo daga sito, na buga hatimi, ina ɗaukar sifana aka kira ni a waya cewa matata Rabi tana naƙuda. Na cusa tiyon a akwatin kayana na yi waje. Allah ya ba mu 'ya mace. Hidimar suna ta ɗauke ni, tiyo bai faɗo mini a rai ba ko sau ɗaya. Abokan aiki suka ga kati da hatimi, suka ga tiyo ɗaure a wurinsa, suka rufe inji. Jirgi ya tafi Njamena da tsohon tiyo.

Ranar Litinin bayan suna na buɗe akwatina zan sa kayan aiki, sai ga shi a cikin ledarsa, da takardar shaidarsa a manne. Abin da ya kamata in yi a fili yake, ofishin Injiniya, shugabanmu, bai fi taku ashirin ba. Amma na mayar da murfi na kulle. Na yi Litinin, Talata, Laraba, Alhamis ina gaya wa kaina ai tsohon tiyo ba ya fashewa rana ɗaya. Abinci ya daina shiga. Sai ranar Juma'a da safe na ɗauka na kai wa Injiniya, kuma a nan na ƙara laifi a kan laifi: na ce masa yanzun nan na gani.

Nan take ya buga waya Njamena aka tsayar da jirgin. Sannan ya ce mutanen can za su yi bincike, suna son tiyon, suna kuma son mai hatimin. Ya ce ƙafar da ta gudu ta bar aiki ita za ta kai shi, kuma ta mota, don hankalina ya dawo jikina a hanya.

Kwana biyu na yi kafin in kai Mubi. Direbobi sun yi ta fama da ni in sa jakata a but, na ƙi, a cinya na rungume ta. A motar Mubi na zauna kusa da wata dattijuwa Bafillatana, Hajiya Dudu, mai kai atamfa Kusuri, garin Kamaru da ke daura da Njamena, ta sayo turaren wuta. Ita ta raɗa mini suna Mai Jego, wai ko matar da ta haihu jiya ba ta riƙe jariri yadda na riƙe jakar nan. Da na ce mata ai kuwa matata jego take, sai ta yi dariya har da tafa hannu, ta ce ashe gidan namu kowa da nasa goyon.

A kan iyakar Kamaru, bayan Sahuda, jami'in kwastan ya ciro tiyon ya juya shi, ya kama bakin ledar zai yage. Na riƙe masa hannu ban san na yi ba. In aka yage ledar nan aka raba tiyon da takardarsa, babu makanikin kirki da zai yarda ya ɗaura shi a jirgi. Ga shi ba na jin Faransanci, shi kuma Hausarsa ba ta wuce gaisuwa ba. Hajiya Dudu ce ta shiga tsakani da Fillanci. Daga baya na tambaye ta me ta ce masa, ta ce ta gaya masa hanjin jirgin sama ne, in iska ta taɓa shi ya ruɓe. Mutumin ya kira abokansa su zo su ga hanjin jirgi. Ya ɗaga ledar a rana ya duba ta ciki, ya karanta lambar da ke jikin tiyon, ya gwada da ta takarda, sannan ya buga nasa hatimin. Na lura sai da ya duba ya buga. Na karɓi kayana.

A Marwa muka kwana a wani masauki kusa da tasha. Da safe na sayi burodinsu, dogo kamar sanda, na gatsa na ji kamar itace. Na koma na ce wa mai shagon ya ba ni na yau, na shekaranjiya ya ba ni. Ya ce yanzu aka fito da shi daga wuta, haka ake cinsa. Hajiya ta nuna mini yadda ake tsaga shi a zuba wake da mai a ciki. Kafin mu bar garin na cinye biyu.

Hanyar Marwa zuwa Kusuri ba a magana, rami na bin rami. Kusa da Waza taya ta fashe. Hajiya ta shelanta wa mota cewa akwai mai gyaran jirgin sama a ciki, kowa ya kwantar da hankalinsa. Dole na sauka. Na ɗaure notin taya ɗaya bayan ɗaya, na sake bi na taɓa kowanne, na sake bi na uku. Direba ya ce, "Malam, motar nan fa ba tashi sama za ta yi ba." Muna cikin haka wasu raƙuman dawa guda uku suka leƙo ta saman ƙaya suna kallonmu kamar su ma sun zo duba aikin. Ban taɓa ganinsu ba sai a hoto. Na yi murna kamar yaro. Amma da muka koma mota sai na ci gaba da abin da nake yi tun daga Kaduna, wato bitar maganata a zuci: Juma'a na gani, Juma'a na faɗa. Babu wanda ya ga na buɗe akwatin nan ranar Litinin. Na san in an yafe mini mantuwa, ba za a yafe mini shiru ba.

A Kusuri muka rabu da Hajiya, ta ba ni ƙullin turare in kai wa mai jego ta gaskiya. Na hau babur, wanda a can suke kira kilando, muka haye gadar Ngeli cikin cunkoson kura da amalanke. Aka duba fasfo da katin rigakafi, na fito ina waige-waige. Sai wani dattijo mai farar jallabiya ya nufo ni, ya ce ko ba a gaya masa ba ya gane ni da riƙon jaka. Shi ne Malam Abakar, babban makanikin ƙungiyar, wanda kowa ke kira Shef.

"Lale, lale, ɗan'uwa. Afe? Mutan gida afe?" Haka ya yi ta jero mini yana dafa ƙirji. Hausarsa tsaf, sai dai duk jimla uku sai Larabci ya faɗo ciki, in an zo maganar aiki kuma Faransanci. Ya ce ba zan sauka a otal ba, gidansa na unguwar Digel da ɗaki. A hanya ya ba ni labarin kakansa, mutumin Haɗeja, da ya taso a ƙafa zai je Makka, ya tsaya a nan ya ɗan nemi guzuri. Ya ce, "Har yau guzurin muke nema. Mu nan matafiya ne, ruwa muka tsaya sha."

Abin da ya fara ba ni mamaki shi ne cin abinci. A ƙofar gida ake shimfiɗa tabarma, a ajiye babban tire, maza su kewaye. Akwai esh, tuwon gero ne kamar namu, da miyar kuɓewa da busasshen kifi. Akwai kisar, wata siririyar waina kamar takarda, mai ɗan tsami, da ake naɗewa a ɗebi miya da ita. Duk wanda ya gifta sai Shef ya ce masa faddal, wato bismillah. A Kaduna in ka ce wa mai wucewa bismillah, godiya yake ya wuce. Ni ma don in nuna na waye sai na ɗaga murya na ce wa wasu mutum huɗu faddal. Suka cire takalma suka wanke hannu suka zauna. Tire ya ƙare ban ƙoshi ba. Shef ya yi dariya har rawaninsa ya warware, ya aika cikin gida a ƙaro. Bayan nan aka kawo jan shayi a ƙananan kofunan gilashi, zaƙi kamar zuma. Naman raƙumin kuwa gaskiya ne. Ya kai ni wata rumfa a unguwar Habbena na ci da yaji da albasa, kuma duk wanda ya ce ya fi tsiren Kaduna tauri bai ci na wurin kirki ba.

Da la'asar 'yarsa Ashta ta dawo daga aiki ta zo gaishe ni. Ungozoma ce, kuma tana cikin masu hawa jirgin nan. Ta ce, "Kawu, ashe kai ne ka zaunar da mu. Mata na can gabas suna jiranmu." Da wasa ta faɗa. Sai ta shiga ba ni labarin tafiyarsu ta ƙarshe kafin a tsayar da jirgin, yadda suka tafi ranar Talata suka dawo Laraba da wata mata da haihuwa ta zo mata da gardama, aka yi mata aiki a asibiti, aka sami tagwaye duk suna lafiya. Tana faɗa tana murna. Ni kuwa lissafi nake: Talata da Laraba, ina Kaduna da makullin akwati a aljihu. Shayin da ke hannuna ya huce ban sha ba.

Washegari muka tafi filin jirgi. Mai binciken wata doguwar mata ce 'yar kudancin ƙasar, kowa Madam yake ce mata. Da gani ka san ta riƙe sifana, da tabon ƙuna a bayan hannunta. Ba ta fara da tambaya ba. Ta sa aka buɗe inji a gabana, Shef ya kwance tsohon tiyon, ta zame rigar da ke kare shi daga zafi, ta lanƙwasa shi kaɗan. Kusa da bakin ƙarfen robar ta tsage, wurin kuma da danshin mai. Ba ta ce zai kai kwana nawa ba, ni ma ban tambaya ba. Ta ɗora shi a tebur tsakanina da ita.

Shef ne tafinta. Tun kafin mu zauna ya gaya mini abin da na faɗa shi zai juya, ba ƙari ba ragi. Madam ta tambayi yadda aka yi hatimi ya riga aiki. Na ba ta labarin hannu mai tsabta da ofis mai ƙin datti. Na zaci za ta yi faɗa, sai ta ajiye biro ta yi dariya, ta jawo katunansu ta nuna mini, duk da shatin yatsu baƙi. Ta ce ita katin da ya fito fes shi take zargi. Ta rubuta wannan da yawa, ta ce ba ni kaɗai zai shafa ba, za ta aika wa kamfaninmu su gyara. Ta tambayi sunan jaririyar, ta yi mini barka. Har na fara sakin jiki.

Sannan ta tambaya, Shef ya juya: "Wace rana ka ga tiyon a akwatinka?"

Kwana huɗu ina bitar amsar nan a mota. Na buɗe baki, idona na kan tsagar nan. Na ce, "Litinin."

Shef bai juya ba. Ya dube ni ya yi ƙasa da murya. "Ɗan'uwa, takardar da Kaduna suka aiko Juma'a ta ce. Ka san abin da kake faɗa?"

Na ce, "Na sani, Shef. Ni na yi wa Injiniya ƙarya. Litinin na gani, tsoro ya sa na yi shiru."

Ya daɗe yana kallona. Na san shi ma lissafin Talata da Laraba yake. Sannan ya juya mata, kuma daga tsawon maganarsa na gane bai rage komai ba.

Madam ta rubuta, ta karanta mini ta bakin Shef, na sa hannu. Ta miƙo mini katin nan na Kaduna mai hatimina. Na roƙa a ba ni sabo in cike daidai a yaga wannan. Ta girgiza kai. Ta ce a aikin jirgi ba a gogewa, ba a yagewa. Layi ɗaya zan ja a kan hatimin, siriri yadda mai zuwa bayan shekara ashirin zai iya karanta abin da ke ƙasa, in rubuta dalili a gefe da hannuna, in sa suna. Na ja layin. Ban taɓa jan layi mai nauyinsa ba.

Hukuncin da ta ba da shawara, wanda Kaduna suka amince da shi a waya a ranar, shi ne a karɓi hatimina wata uku, in sake zana jarrabawa kafin a mayar mini. Ta ce mantuwar ta kowa ce, wata ukun na shirun ne. Aiki dai ba a kore ni ba. Yanzu haka da nake rubutun nan hatimin yana durowar Injiniya, ni kuma ina wanke ƙarafa da miƙa sifana kamar da, kuma ina cin abinci ina ƙoshi.

Da muka koma gida na roƙi Shef ya kira Ashta, na gaya mata da bakina. Ta saurara har na gama, ta gyara lafayarta ta shige ciki. Ranar ƙanenta ne ya kawo shayi. Shef kuwa ya turo mini naman da ke gabansa a tire.

Da safe ni na ɗaura sabon tiyon, Shef na tsaye a kaina. Na ɗaure, na auna ƙarfin ɗaurin, na sa wayar kulle, ya duba ya sake dubawa, ya buga nasa hatimin. Aka tayar da inji a ƙasa, babu ɗigo. Na fara tattara kaya ina hamdala, sai Shef ya ce ina za ni, ai saura al'adar gidan. A wurinsu duk wanda ya taɓa inji shi ne zai zauna kusa da matuƙi a tashin gwaji.

A nan asirina na biyu ya tonu. Shekara goma sha tara ina aiki a jikin jirgi, ban taɓa tashi a cikinsa ba. Da Shef ya juya wa ma'aikata wannan, hanga ta kaure da dariya, har Madam sai da ta dafa tebur. Matuƙin ya ɗaure ni da bel da kansa kamar buhun masara. Da muka bar ƙasa na karanta duk addu'ar da na sani, har da ta shiga kasuwa. Ya taɓa ni ya nuna ƙasa: ga kogin Shari ga kogin Logon sun haɗu, ga gadar da na haye kamar tsinke, ga gidajen Digel kamar an zuba ashana. Ban kalla sosai ba. Kunnena na kan inji, idona na kan allurar mai. Allurar ba ta motsa ba. Can sai na ji ina dariya ni kaɗai, matuƙin ma ya kama, ba mai jin yaren wani.

Da muka sauka na tarar har an fara jera kwalayen magani a gindin jirgin, za su tafi gabas a ranar. Ashta na tsaye da jakarta a kafaɗa. Na sunkuyar da kai zan raɓe ta gefe, sai ta tare ni.

Ta ce, "Kawu, in hau?"

Na dubi injin, na dubi hannuna da ke baƙi ƙirin har wuyan hannu. Na ce, "Hau, 'yata."

Ta miƙa wa mai lodi jakarta ta hau. Ni da Shef muka tsaya a rana har jirgin ya ɓace, sannan ya ce in zo mu je, an dafa shayi.